Ranar da aka sallami 'yan sandan hanya 16,000: nazarin yaƙin Jojiya da cin hancin bakin titi

## Ƙasar da abin da ake bin sawunsa

Jojiya ƙaramar ƙasa ce a gindin tsaunukan Kokasus. Rasha ce arewa da ita, Turkiyya da Armeniya a kudu, Azarbaijan a kudu maso gabas, Baƙin Teku kuma a yamma. A lokacin da wannan labari ya faru mutanenta miliyan huɗu ne da ɗoriya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna zaune a babban birnin ƙasar, Tbilisi. Ta shelanta 'yancinta daga Tarayyar Sobiyet a watan Afrilun 1991.

Abu ɗaya wannan nazari ke bi, wato kuɗin da ɗan sandan hanya ke karɓa a hannun direba. Sauran gyare-gyaren da ƙasar ta yi, irin na haraji da na jarrabawar shiga jami'a, za su shigo ne kawai a inda suka taɓa wannan.

## 1991 zuwa 1996: yadda abin ya yi saiwa

'Yancin bai zo da zaman lafiya ba. A watan Janairun 1992 'yan bindiga suka kori shugaban farko, Zviad Gamsakhurdia, aka yi yaƙi a yankunan Osetiya ta Kudu da Abkaziya masu neman ɓallewa, masana'antu suka tsaya, kuɗi ya zama takarda. A watan Maris na shekarar aka kira Eduard Shevardnadze, tsohon ministan harkokin wajen Tarayyar Sobiyet, ya dawo gida ya riƙe ƙasa. Shevardnadze ɗan gida ne a harkar 'yan sanda. Shi ya shugabanci ma'aikatarsu a Jojiya daga 1965 zuwa 1972, kuma da sunan mai yaƙi da cin hanci ya hau kujerar shugabancin jam'iyyar kwaminis ta Jojiya a 1972.

Da ma'aikatar cikin gida ya dogara wajen karya ƙungiyoyin 'yan bindiga, musamman Mkhedrioni, wadda aka rushe bayan an kai wa Shevardnadze harin bam a watan Agustan 1995. Wasu daga cikin mayaƙan ƙungiyoyin an shigar da su aikin ɗan sanda don a raba su da daji. Baitulmali kuwa babu komai a cikinsa. Sai aka yi yarjejeniyar da ba a rubuta ba: gwamnati ba za ta iya biyan ku ba, amma ba za ta tambaye ku inda kuke samun na cefane ba, ku dai ku tsare mata kujera.

Sashen da talaka ya fi gani shi ne na 'yan sandan hanya, wanda kowa ke kira GAI tun zamanin Sobiyet. Ga yadda harkar take tafiya. Aikin sayensa ake yi. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2012 kan gyare-gyaren Jojiya ya ce farashin gurbi yana kamawa daga dala 2,000 zuwa dala 20,000, gwargwadon maiƙon wurin da za a tura mutum. Babbar hanyar da manyan motoci ke bi zuwa kan iyaka ta fi lungun ƙauye tsada. Wanda ya ci bashi ya sayi gurbi dole ya fanshe kuɗinsa. Albashin wata ba ya kai iyali ƙarshen mako, wani lokaci ma ba ya zuwa, sannan man mota da gyaranta da kakin da zai sa duk daga aljihunsa suke fita. Bayan wannan akwai kason da zai miƙa wa na sama da shi, shi ma na saman ya cire nasa ya tura gaba, har abin ya kai manyan ofisoshin ma'aikata.

A bakin titi, abin ba ya ɗaukar minti biyu. Jami'i yana tsaye da sandarsa mai zanen baƙi da fari, ya ɗaga ta, direba ya gangara gefe. Direban ne ke fitowa daga mota ya tafi wurin jami'in, takardunsa a hannu, 'yan lari (kuɗin ƙasar) kaɗan a naɗe a ciki. Ba a maganar laifi, don sau da yawa babu laifin. A buɗe takardu, a zare abin da ke ciki, a mayar masa. Mai doguwar tafiya yakan tanadi canji tun daga gida saboda ya san za a tsayar da shi sau da dama kafin ya isa. Wanda ya yi gardama sai a nemo masa laifi a jikin motar, kuma motar da ta shekara ashirin a kan titi ba ta rasa abin nunawa.

Lasisin tuƙi da rajistar mota da takardar duba lafiyar mota duk a hannun wannan sashe suke, kuma duk da farashinsu. Mutum na iya mallakar lasisi bai taɓa zama a kujerar direba ba.

Gefe guda kuma akwai waɗanda ake kira da harshen ƙasar kanonieri kurdi, da Rashanci vor v zakone, ma'ana ɓarawon da ke da tasa dokar. Su ne sarakunan ɓarayi da suka samo asali daga gidajen yarin Sobiyet, kuma Jojiya ta fi kowace jamhuriya yawansu idan aka duba ƙanƙantarta. Wanda aka sace wa mota ya fi samun biyan buƙata idan ya je wurinsu ya biya fansa fiye da ya je caji ofis. Sau da yawa ma ɗan sandan ne zai haɗa shi da su, ya ci nasa kason.

## 1997 zuwa 2003: abin da aka gwada bai ci ba

Ba a zauna haka kawai ba, aƙalla a kan takarda. A 1997 majalisa ta yi dokar hana cin hanci a aikin gwamnati, wadda ta wajabta wa manyan jami'ai bayyana kadarorinsu. Fom ɗin ana cika shi, amma babu wanda aka ɗora wa aikin zuwa ya duba ko abin da aka rubuta gaskiya ne. A 1998 aka fara yi wa alƙalai jarrabawar cancanta, aka sauya da yawa daga cikinsu, aka ƙara musu albashi. Wannan ya ɗan yi tasiri da farko, sai biyan albashin ya riƙa tsaiko, sababbin alƙalan kuma suka tarar masu bincike da masu gabatar da ƙara da ke kawo musu shari'a su ne dai na jiya.

A 2000 Shevardnadze ya kafa kwamitin tsara shirin yaƙi da cin hanci, a 2001 kuma aka kafa majalisar da za ta kula da aiwatar da shi. Majalisar ba ta da ikon kama kowa ko korar kowa. Shawara take bayarwa, shawarar kuma ta koma teburin ministocin da ake ƙorafi a kansu. An ba kura ajiyar nama ke nan.

A 2001 ministan shari'a na lokacin, Mikheil Saakashvili, matashi ɗan shekara 33, ya shiga zaman majalisar ministoci da hotunan manyan gidajen wasu jami'an gwamnati, ya ɗaga su a gaban kyamara, ya nemi a yi dokar ƙwace dukiyar da mai ita ya kasa bayanin inda ya samo ta. Shugaban ƙasa ya ƙi. A watan Satumba Saakashvili ya ajiye aiki ya koma adawa. Wata guda bayan haka jami'an tsaro suka kai samame gidan talabijin na Rustavi 2, wanda ya shahara da tona asirin manya. Jama'a suka fito titi, Shevardnadze ya sallami gwamnatinsa baki ɗaya a farkon Nuwamba, ministan cikin gida mai ƙarfi, Kakha Targamadze, ya tafi. An canza minista, amma ba a taɓa sarƙar kason da ke hawowa daga titi ba, sai ta ci gaba da aiki a ƙarƙashin sabon mai gida.

A 2003 ƙungiyar Transparency International, mai jera ƙasashe daga mafi tsabta zuwa mafi cin hanci, ta sa Jojiya a matsayi na 124 cikin ƙasashe 133, da maki 1.8 cikin 10. Harajin da gwamnati ke tarawa bai wuce kashi 12 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. 'Yan fansho na bin bashin watanni, wutar lantarki kuma sai an ga dama.

## Nuwamban 2003 zuwa tsakiyar 2004: sabuwar gwamnati da neman kuɗin aiki

Maguɗin zaɓen majalisa na 2 ga Nuwamban 2003 ne ya cika tulun. Ranar 22 ga wata masu zanga-zanga, da furannin wardi a hannu, suka kutsa zauren majalisa, washegari Shevardnadze ya yi murabus. Ranar 4 ga Janairun 2004 Saakashvili ya ci zaɓe da kusan kashi 96 cikin ɗari. A watan Fabrairu aka gyara tsarin mulki, aka ƙara wa shugaban ƙasa ƙarfi a kan majalisa. 

Matsalar farko ita ce kuɗi, domin ba a hana mai yunwa karɓar na goro da wa'azi. Ta hanyoyi biyu aka samo shi. Ta farko wani asusu ne da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gidauniyar attajirin nan George Soros suka zuba wa kuɗi a 2004, don a yi wa manyan ma'aikata ƙarin albashi kafin haraji ya farfaɗo.

Ta biyu ta fi zafi. A watan Fabrairun 2004 aka shigar da cinikin amsa laifi cikin dokar ƙasa, wato wanda ake tuhuma ya sasanta da mai gabatar da ƙara, ya biya, a rage masa hukunci ko a sake shi. Aka shiga kama tsofaffin ministoci da shugabannin hukumomi da 'yan kasuwa, jami'ai masu rufe fuska suna tasa ƙeyarsu a gaban kyamarar talabijin. Wanda ya fi jan hankali shi ne surukin Shevardnadze, Gia Jokhtaberidze, shugaban wani kamfanin wayar salula, da aka kama a filin jirgin sama a watan Fabrairu, aka sake shi a Afrilu bayan an biya gwamnati dala miliyan 15.5. Ba a yi shari'ar da ta tabbatar da laifinsa ba. Wani ɓangare na irin wannan kuɗi ya shiga baitulmali, wani kuma ya shiga asusu na musamman na raya hukumomin tsaro, wanda ba ya cikin kasafin kuɗi, majalisa kuma ba ta duba shi. Sai a 2006 aka rufe irin waɗannan asusu bayan suka ta yi yawa.

Da farko an gwada lallaɓa 'yan sandan hanya da gargaɗi da sauya musu shugabanni. Sanda dai ba ta daina ɗagawa a bakin titi ba.

## Tsakiyar 2004: sallama da sabon zubi

Sai aka yanke shawarar rushe sashen gaba ɗaya. A rana ɗaya aka sallami 'yan sandan hanya kimanin 16,000. Ba a tsaya tantance mai laifi da marar laifi ba, domin tantancewar za ta ɗauki shekaru, kuma waɗanda za su yi ta abokan cin mushen waɗanda za a tantance ne. An ba su albashin wata biyu, aka kuma yafe musu abin da ya wuce. Wannan yafiya ta rage wa abin kaifi: mutum ya rasa aiki, amma bai ga dalilin ɗaukar makami ba tunda ba gidan yari za shi ba. Da yawa sun koma aikin gadi a kamfanoni masu zaman kansu ko tuƙin tasi, wasu kuma suka sake neman aikin ta sabuwar ƙofa.

Makonni suka wuce titunan ƙasar babu ɗan sandan hanya ko ɗaya. Rikicin da aka ji tsoro bai auku ba, abin da ya nuna cewa tun asali ba kiyaye hanya sashen yake yi ba.

Ranar 15 ga Agustan 2004 sabuwar rundunar sintiri ta fara aiki a Tbilisi, daga baya ta bazu zuwa sauran garuruwa da manyan hanyoyi. Mutum 2,300 ko kusa da haka aka ɗauka, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na waɗanda aka sallama. An tallata gurbin a fili, aka yi jarrabawar rubutu da gwajin ƙarfin jiki da ganawa ido da ido. Yawancinsu matasa ne masu takardar jami'a, har da mata. Horon farko gajere ne ƙwarai, mako biyu kacal, don ana sauri a cike gurbi, daga baya aka tsawaita shi zuwa watanni a makarantar 'yan sanda.

Rage yawan ma'aikata shi ya ba da damar ninka albashi sau da yawa. Aka koma biya ta banki a kan kari, ba ta hannun shugaban sashe da zai yanki nasa ba. Gwamnati ta ɗauki nauyin mai da kaki da bindiga da na'urar oba-oba, ta sayo sababbin motoci ƙirar Volkswagen Passat. Kakin ma an sauya shi daga irin na Sobiyet, don ido ya shaida cewa waɗannan ba na jiya ba ne.

Abin da ya fi albashi muhimmanci shi ne yadda aka sake tsara haɗuwar jami'i da direba. An daina tsayuwa a wuri ɗaya ana jiran abin da hanya za ta kawo, sintiri ake yi cikin mota, mutum biyu biyu. Idan an tsayar da mota, direba na zaune a kujerarsa, jami'in ne ke takowa, ya faɗi sunansa da dalilin tsayarwar. Idan akwai laifi ya rubuta takardar tara mai lamba, direba ya je banki ya biya. Babu wani dalili na halal da zai sa kuɗi ya taɓa hannun jami'i, saboda haka duk kuɗin da aka gani a tsakaninsu shaida ne. Daga baya aka kafa kyamarori a mahaɗar tituna, tara ta riƙa zuwa wa mai mota ba tare da ya haɗu da kowa ba.

Sannan aka sa tsoro. Sashen binciken cikin gida na ma'aikatar yakan tura mutanensa cikin farin kaya, su karya dokar hanya da gangan, su miƙa kuɗi. Wanda ya karɓa, kora da gidan yari, a kuma nuna shi a talabijin. Jami'i ya wayi gari bai san ko direban da ke roƙonsa a sasanta ɗan leƙen asiri ba ne, ga albashin da yanzu ya isa a yi tsoron rasa shi.

## 2005 zuwa 2007: toshe sauran ƙofofi

Da an tsaya a kan sintiri kawai, da cin hancin ya koma ofis. Don haka aka raba bayar da lasisi da rajistar mota daga aikin 'yan sanda na yau da kullum, aka mayar da su wata hukumar hidima ta daban. Jarrabawar lasisi ta koma kan kwamfuta, tambayoyi na fitowa ba zaɓi, sakamako na fita nan take, ana ɗaukar hoton zauren. Mai karɓar takardu daban, mai yanke hukunci daban, biya kuma a banki.

Inda aka ga ba za a iya tsabtace abu ba, sai a soke shi. Tun 2004 aka daina tilasta duba lafiyar ƙananan motoci, tunda takardar sayenta ake yi ba tare da an buɗe gaban mota ba. Hakan ya kashe wata kasuwar cin hanci a dare ɗaya, ya kuma bar tituna cike da tsofaffin motoci masu hayaƙi da birki marar tabbas har zuwa 2018, lokacin da aka fara dawo da dubawar. Da wannan tunani Kakha Bendukidze, attajirin da aka ɗauko daga Rasha ya jagoranci gyaran tattalin arziki, ya soke fiye da kashi 80 cikin ɗari na lasisi da izinin kasuwanci a 2005. Sabuwar dokar haraji ta rage ire-iren haraji daga 21 zuwa 7. Ya zuwa 2010 harajin da ake tarawa ya kai kashi 25 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa, kuma daga nan albashin 'yan sanda ya riƙa fitowa, ba daga taimakon waje ba.

A ƙarshen 2005 aka yi dokar da ta mayar da zama sarkin ɓarayi laifi a kan kansa, ko ba a kama mutum da wata sata ba, tare da ƙwace dukiyarsa. Dabarar ta yi amfani da al'adarsu ce a kansu, domin a ƙa'idarsu wanda aka naɗa ba ya musun matsayinsa idan an tambaye shi. Aka tsare su a kurkuku na daban, aka raba su da sauran fursunoni, da yawa suka gudu Rasha da Yukiren da ƙasashen Turai. An mayar da wasu gidajensu da aka ƙwace ofisoshin gwamnati. Sababbin caji ofis kuma aka riƙa gina su da bangon gilashi, mai wucewa yana hango teburin jami'i daga titi.

## 2006 zuwa 2012: abin da ya lalace

A watan Disambar 2004 an haɗe ma'aikatar tsaron ƙasa, magajiyar hukumar leƙen asirin Sobiyet ta KGB, da ta cikin gida a ƙarƙashin minista ɗaya, Vano Merabishvili, wanda ya riƙe kujerar har 2012. Sintiri da binciken laifuka da leƙen asiri da sauraron wayoyin mutane duk suka koma hannu ɗaya. Gyaran da aka yi wa sintiri bai shiga sassan bincike da na tsaro da irin wannan zurfi ba.

A ƙarshen Janairun 2006 aka tsinci gawar wani ma'aikacin banki ɗan shekara 28, Sandro Girgvliani, a bayan garin Tbilisi, da alamun duka a jikinsa. A daren da ya gabata ya yi cacar baki a wani wurin shaƙatawa inda manyan jami'an ma'aikatar cikin gida ke zaune. An ɗaure jami'an ma'aikatar huɗu, ba a binciki na sama da su da gaske ba, sannan afuwar shugaban ƙasa ta rage musu wa'adi, suka fito a 2009. A watan Afrilun 2011 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke cewa binciken bai inganta ba, ta kuma nuna mamakin yadda sassan gwamnati daban daban suka haɗa kai wajen hana a yi adalci.

A 2006 ɗin dai Saakashvili ya shelanta manufar ba sani ba sabo, har kan ƙananan laifuka. Fursunoni suka tashi daga kimanin 6,000 a 2003 zuwa kimanin 24,000 a 2011, abin da ya sa Jojiya cikin ƙasashen da suka fi ɗaure mutanensu a Turai. A watan Maris na 2006 an kashe fursunoni bakwai wajen murƙushe tarzoma a wani kurkukun Tbilisi. Waɗanda kotu ke wankewa ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ya san haka ba zai tsaya shari'a ba, sai ya amsa laifi ya biya, don haka mafi yawan shari'o'in laifi suka riƙa ƙarewa ta ciniki. 'Yan kasuwa da dama sun ce an matsa musu su ba gwamnati kyautar filaye da hannun jari, kuma bayan sauyin gwamnati dubban mutane sun kai irin wannan ƙorafi ofishin mai gabatar da ƙara.

Ranar 7 ga Nuwamban 2007 'yan sanda suka tarwatsa masu zanga-zanga a Tbilisi da barkonon tsohuwa da harsashin roba, aka kutsa gidan talabijin na Imedi aka rufe shi, aka kafa dokar ta-ɓaci.

Duk wannan na faruwa ne a daidai lokacin da alƙaluman bakin titi ke ƙara kyau. A binciken jin ra'ayi na Transparency International na 2010, kashi 3 cikin ɗari ne kawai na mutanen Jojiya suka ce sun ba da cin hanci a shekarar da ta gabata, adadin da ya yi kafaɗa da na ƙasashen yammacin Turai. Wasu binciken sun nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'a suna kallon 'yan sanda da mutunci. A 2011 aka buɗe zauren hidimar jama'a na farko a birnin Batumi, inda ake karɓar fasfo da takardar haihuwa da ta mallakar fili a ƙarƙashin rufi ɗaya.

## 2012 zuwa yau: inda aka kwana

Ranar 18 ga Satumban 2012, saura ƙasa da mako biyu zaɓe, gidajen talabijin suka nuna bidiyon gandirobobi suna azabtar da fursunoni a kurkukun Gldani. Ministan cikin gida, Bacho Akhalaia, wanda a baya ya shugabanci gidajen yari, ya yi murabus. Ranar 1 ga Oktoba jam'iyyar Saakashvili ta sha kaye a hannun ƙawancen attajiri Bidzina Ivanishvili, ta kuma miƙa mulki. A shekarar ne ƙasar ta zo ta 51 cikin 176 a jadawalin Transparency International. Afuwar da sabuwar majalisa ta yi a farkon 2013 ta rage fursunoni da fiye da rabi.

Sabuwar gwamnati ba ta taɓa tsarin sintiri ba, kuma na goro bai dawo titi ba. A binciken 2013 kashi 4 cikin ɗari ne suka ce sun bayar. A 2015 aka sake raba hukumar tsaron ƙasa da ma'aikatar cikin gida. Makin ƙasar a jadawalin Transparency International ya kai 58 cikin 100 a 2018, ya sauka zuwa 53 a 2023. Ƙorafin masu sa ido a cikin ƙasar ya tashi daga kan ɗan sandan hanya ya koma kan yadda Ivanishvili, wanda ya bar kujerar firaminista tun 2013, ke juya gwamnati daga gida, da yadda wasu tsirarun manyan alƙalai suka kankane harkar shari'a. Hukumar yaƙi da cin hanci da aka kafa a ƙarshen 2022, firaminista ne aka ba ikon naɗa shugabanta.

## Hukunci

Idan tambayar ita ce ko an kashe cin hancin bakin titi, amsar e ce, kuma ya mutu mutuwar da ta wuce gwamnatin da ta kashe shi. Wannan ne ma'aunin da ya fi kowane jadawali ƙarfi, domin waɗanda suka gaji mulki a 2012 maƙiyan Saakashvili ne, sun rushe abubuwa da yawa nasa, amma ba su ga ribar dawo da sanda mai zane ba.

Dalilin nasarar ba yawan albashi ba ne shi kaɗai, ba kuma korar ba ce ita kaɗai. Gyaran alƙalai na 1998 ya ƙara albashi ya kuma sauya mutane, amma ya dusashe. Abin da ya bambanta 2004 shi ne na sama sun daina jiran kaso. Muddin minista na cin abin da ke hawowa daga titi, jami'in ƙasa ba shi da zaɓi ko da mutumin kirki ne. Da aka yanke sarƙar daga sama, aka cire kuɗi daga hannun jami'i, aka sa karɓa ta zama caca mai haɗari, sai lissafin kowane ɗan sintiri ya juya. An kuma yi duka a cikin watanni kaɗan, tun goyon bayan kashi 96 bai huce ba, tun waɗanda za su yi asara ba su haɗa kai ba. Ƙanƙantar ƙasar ta taimaka, domin mutum 2,300 ana iya zaɓensu da hannu a kuma sa musu ido.

Yukiren ta gwada kwafar tsarin a 2015, har ta ɗauko 'yan Jojiya biyu, Eka Zguladze da Khatia Dekanoidze, ta ba su manyan muƙamai. Sabbin 'yan sintiri sun fito a Kiyef a watan Yuli, jama'a suka yi ta ɗaukar hoto da su. Amma tantance tsofaffin jami'ai ta kori kaɗan ne, kotuna kuma suka mayar da da yawa daga cikin waɗanda aka kora bakin aiki, su biyun suka ajiye muƙamansu a 2016. A Jojiya babu kotun da ta isa ta mayar da kowa. Wannan rashin mai taka wa gwamnati birki shi ya sa gyaran ya yi sauri, kuma shi ne dai ya cika gidajen yari, ya rufe maganar Girgvliani, ya mayar da cinikin amsa laifi hanyar tatsa. Ba a gina wata hukuma mai zaman kanta da za ta iya binciken minista ba, saboda masu gyaran sun ɗauka su ne maganin, ba su ga ranar da wani zai gaji kayan aikinsu ba.

An kama Merabishvili a watan Mayun 2013. Wani dare a watan Disamba na shekarar, kamar yadda ya shaida kuma Kotun Turai ta gamsu, aka fito da shi daga ɗakinsa na kurkuku a ɓoye, aka kai shi gaban babban mai gabatar da ƙara, aka nemi ya ba da bayani kan asusun bankin Saakashvili da kan mutuwar tsohon firaminista Zurab Zhvania. A watan Nuwamban 2017 kotun ta yanke cewa an yi amfani da tsare shi don wata manufa da ba ita doka ta tanada ba.